Ranar da Minista Bai Dawo Ba

Na ga saƙonninku, har da na masu zagina. Wata ta rubuto cewa in ba na son Gaspard in turo mata lambarsa, ita tana so. Baiwar Allah, ki yi haƙuri, ba na rabo. Amma tunda kun nace sai na faɗi abin da ya faru ranar Asabar, to ku gyara zama, don yau ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Ni na yi, da hankalina, kuma har yanzu in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Coline, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a kantin magani a Lens. Gidanmu yana cikin layukan jan bulo da aka gina wa mahaƙa kwal tun kafin a haifi uwata. Mu uku ne a ciki: ni, Mama, da mahaifinta Firmin, wanda kowa a layin ke kira Pépé. Gaspard kuma malamin firamare ne, ɗan Sète, can bakin tekun kudu, wanda gwamnati ta jefo mana shekara huɗu da suka wuce yana rawar ɗari cikin wata 'yar riga mai shara-shara. Shekararmu biyu tare. A watan jiya takardar canjin wurin aikinsa ta fito, za a mayar da shi garinsu.

Ranar Alhamis ya manta rigarsa ta sama a kan kujerar kicin ɗinmu. Na ɗauka zan rataye, sai na ji wani ɗan akwati a aljihu. Ban buɗe ba. To, na buɗe. Zobe ne siriri mai ɗan koren dutse, irin wanda na taɓa tsayawa kallo a tagar wani kanti a Arras, ina zaton bai lura ba. Na mayar da shi da sauri, na waiga sai ga Mama a bakin ƙofa da tsumma a hannu.

Mama ba ta faɗa. Da tana faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Ita in abu ya dame ta, teburin da ta riga ta goge take komawa gogewa. Ta goge shi tas, ta sake gogewa, sannan ta ce, “Kudu dai.” Ku gane, babana ya tafi kudu neman aikin wata shida ina 'yar shekara huɗu, kuma har yau wata shidan ba su cika ba. Daga nan ta shiga jero mini abin da na riga na sani. Ƙurar ramin kwal ta cinye huhun Pépé, likita ya hana shi kankare ɗakin tattabarunsa, shekara uku ke nan ni nake yi kullum da safe kafin in tafi aiki. In na tafi, wa zai yi? Ita dai ta ce ƙurar gashinsu na sa ta atishawa. Sai dai a sayar da su. Ranar da aka fitar da kwandon ƙarshe daga gidan nan kuwa, ta ce, in tanadi baƙar rigar makoki, don Pépé ba zai kai Kirsimeti ba.

Ni ma abin da ke raina ke nan.

Tattabarun nan ba kiwon nama ba ne, na tsere ne. A layinmu da can kowane gida akwai ɗakinsu a baya, mutum ya fito daga ƙarƙashin ƙasa baƙi ƙirin, ya wanke fuska, ya zauna yana kallon sama. Yanzu saura gida uku. Pépé yana da arba'in da ɗaya, kuma ya san kowacce da halinta. Amma na gaban goshinsa shi ne Minista, wani shuɗin namiji mai tafiya yana turo ƙirji, ba ya gaida kowa. Kakata Léonie ce ta raine shi da hannunta, tana ɗura masa abinci a baki a kan wannan teburin da Mama ke gogewa, shekarar da ta biyo baya kuma ta rasu. Tun daga nan Pépé in yana son magana da matarsa, ɗakin tattabaru yake shiga ya rufe ƙofa.

Ranar Asabar da sassafe ya ba mu aiki. Akwai babban tsere mako mai zuwa, yana so a kai maza goma sha biyu Le Crotoy, can bakin teku, a sake su, su miƙe fukafukai. Yana sanye da shuɗiyar rigarsa ta aiki wadda aljihunta ya ɓule da masara, hularsa a karkace, ya buɗe wa kowane namiji matarsa suka ɗan gana, sannan ya raba su ya sa mazan a kwando. Haka ake yi. Namijin da ya bar matarsa tana jiransa ba ya tsayawa kiwo a hanya.

Ya ce mini, “Kafin sha ɗaya, Coline. Da rana iska za ta juya, gwiwata ta faɗa mini, rediyo ma ya yarda da ita.”

Na ce na ji. Tun ina 'yar shekara bakwai nake riƙe masa kwando, ba sai an maimaita mini ba.

Ni rigar ruwa na sa mai ruwan ɗorawa, da tsohon wando, na ɗaure gashina da robar da na tsinta a mota. Sai ga Gaspard cikin farar riga ta sha guga, takalmin fata yana ƙyalli, har da turare. Pépé ya dube shi sama da ƙasa ya tambaye shi ko daga can ɗaurin aure zai wuce. Kunnuwan Gaspard suka yi ja. Ni kuwa na sha jinin jikina, don wanda zai je sakin tattabaru ba ya sa farar riga.

Ko fita daga gari ba mu yi ba, baƙaƙen tuddan sharar kwal biyu na garinmu suna bayanmu a madubi, Gaspard ya gyara murya. Ya ce in mun saki tsuntsayen, akwai maganar da yake so mu yi.

To, jama'a, nan ne shaiɗan ya raɗa mini a kunne. In tsuntsaye suna cikin kwando, maganar tana cikin aljihu. Lissafina ke nan kaf, ni da nake ganin ina da wayo.

Bayan Saint-Pol gonakin lilin, tsiron da ake saƙa yadi da zarensa, sun yi fure, shuɗi shar har ƙarshen gani. Na ce ya tsaya. Na ce shekara huɗu yana ƙasar nan bai taɓa ganin wannan ba, kuma furen kafin azahar yake zubewa, in bai gani yanzu ba sai baɗi, baɗi kuwa yana can kudu cikin ƙuda da zafi. Ya fito ya tsaya a bakin gona, hannunsa a aljihu, yana kallo kamar yaron da aka kai kasuwa karon farko. Allah sarki Gaspard. Ya ce da ya zo nan shekarar farko kullum sai ya duba kalanda yana ƙirga ranar komawa, yanzu kuma ga shi yana ƙirgawa ta wata fuskar. Na yi kamar ban ji ba, na shiga ba tsuntsaye ruwa.

Ya tambaya ko ba mu makara ba. Na ce masa ai tattabara sai ta huta daga jijjigar mota, in aka sake ta da wuri kanta ke juyawa. Ƙarya ce tsagwaronta, minti goma ya isa. Amma shi me ya sani? Mutumin da har yau bai bambance masara da wake a gwangwanin da Pépé ke kaɗawa ya kira tsuntsayensa ba.

Daga nan na karkatar da mu Montreuil, garin da ba ya ma kan hanyarmu. Na hau da shi kan ganuwa muka zagaye garin kaf, takalmin fatarsa na cizonsa, ni ina gaba ina zuba surutu. Na nuna masa inda muka zo yawon makaranta na yi amai a motar haya. Na nuna masa layin duwatsun da na taɓa gurɗe ƙafa. Duk inda na ga benci a inuwa, wurin da mutum zai iya zama ya yi magana mai nauyi, sai in ƙara sauri.

Sha ɗaya da minti ashirin saƙo ya shigo wayata. Mama ce.

“Kun sake su?”

Na mayar da wayar aljihu. Sha biyu da rabi wani saƙon ya shigo.

“Pépé ya fita baya da gwangwaninsa. Ku faɗi lokacin da kuka sake su, yana so ya ƙirga.”

Na kife wayar a cinyata na ce wa Gaspard yunwa nake ji, kuma babu inda ya kai Berck soyayyen dankali. Muka je. Muka ci a takarda a bakin ruwa, iska tana watsa mana gishiri, ya ɗiga miya a farar rigarsa na yi ta yi masa dariya. Ruwa ya janye, wasu ƙattin dabbobin teku masu gashin baki sun baje a kan yashi suna ta juyi, ɗaya ya ɗaga kai yana hamma. Gaspard ya ce wannan sak shugaban makarantarsu ranar taron iyaye. Na yi dariya har da hawaye, kuma a cikin dariyar nan ne na ji wani abu ya soke ni. Ina son mutumin nan. Ina son yadda yake cire albasa daga abincinsa ya tura mini ba tare da ya duba ba. Ina son sa, kuma na rasa yadda zan ce e ba tare da na ga Pépé zaune gaban ɗaki babu kowa a ciki ba.

Biyu da minti biyar: “Ya ƙi shigowa cin abinci.”

Uku da rabi ba rubutu ta turo ba, hoto ne. Ta ɗauka ta tagar kicin. Bayan Pépé ne, yana kan kujerarsa ta roba, hula a ƙeya, fuska a sama, gwangwani a kan gwiwa. Awa huɗu ke nan tsohon da numfashi ke yi wa wuya yana kallon sararin da babu komai a cikinsa.

Lokacin mun iso Le Crotoy. Teku ta ja baya har ba a ganinta, sai laka da yashi da 'yan hanyoyin ruwa suna ƙyalli, can nesa wasu mata sun duƙa da wuƙaƙe suna yankar wani ganye mai gishiri da ke fitowa a lakar suna zubawa a buhu. Daga yamma kuma sama ta haɗe, hazo yana tahowa a kan ruwa a hankali. Wayar tana hannuna a buɗe, ban san Gaspard ya tsaya a kafaɗata ba.

Ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ce, “Ƙarfe nawa ya ce a sake su?”

Na kife wayar a ƙirjina.

“Coline.”

“Sha ɗaya.”

Bai ɗaga murya ba. Ya zare hannunsa daga aljihu, inda ya yini, ya ce, “Ba sai kin ɓuya a bayan tsuntsayen tsoho ba. In ba kya so in tambaya, ba zan tambaya ba.”

Ku da ba ku san tattabara ba, bari in faɗa muku abin da ya kamata in yi. In mayar da kwandon mota, mu koma gida da su, in ba Pépé haƙuri. Yaron goye ma a layinmu ya san ba a sakin tsuntsu cikin irin wannan sama. Amma kunya ta toshe mini kai, so nake kawai in gyara abin da na ɓata nan take, hoton nan ya daina kallona. Na durƙusa na zare sakatar kwando.

Suka tashi fuu, suka zaga sau uku a kanmu. Sha ɗaya suka miƙe gabas, hanyar gida. Minista, da yake ba ya bin kowa, ya ware ya yi sama ta kan ruwa, hazo ya haɗiye shi muna kallo.

Hanyar dawowa ruwa aka yi ta tsugawa. Ba wanda ya kunna rediyo. Gonakin lilin da muka wuce da safe sun koma kore, furen duk ya zube.

Mun shiga ta ƙofar baya wajen bakwai. Sha ɗayan sun iso a jiƙe sharkaf, Pépé ya shigar da su, yana zaune a kicin da bargo a kafaɗa da robar iskar numfashi a hanci. Kafin in buɗe baki Gaspard ya riga ni. Ya ce laifinsa ne, shi ya nace sai an nuna masa wurare tunda ya kusa tafiya, ni na yi ta yi masa magana bai ji ba. Ya iya ƙarya kuwa kamar yadda ya iya tattabara, kunnuwansa sun yi jajir.

Pépé ya dube shi, ya dube ni. Abin da ya ce kawai, “Malam, zauna ka sha gahawa.”

Gaspard ya ce a yi masa afuwa, ya juya ya fita. Mama ta bi ƙofar da kallo baki buɗe, tulun gahawa a hannu, don a gidajenmu ko mai kawo takardar wuta ba ya ƙin kofi ɗaya. Daga bayan gida kuma ana jin matar Minista tana ta kuka a gurbinta.

Da safe shida saura na sauko. Na sa rigar aikina da takunkumi, na ɗauki ƙarfen kankara, sai na ga saƙon Gaspard ya shigo tun biyar da minti goma. Hoton bakin ruwan jiya ne, gari bai gama wayewa ba. A ƙasa ya rubuta, “Na dawo nan. Na ɗauki kwando da gwangwanin a bayan gida, ki ba Pépé haƙuri. Zan nemo Minista.”

Pépé ya riga ni fita. Yana kan kujerarsa, hannunsa a kan gwiwa inda gwangwani ya saba zama. Na ajiye ƙarfen, na sauke takunkumi, na tsuguna a gabansa kan jiƙaƙƙen siminti na faɗa masa komai. Zoben, da ƙaryar jijjigar mota, da ganuwar Montreuil, da saƙonnin da na kife. Ina faɗa ina kuka, majina da komai, babu wani kyan gani.

Ya bar ni na gama. Ya ce ya sani tun jiya. Yarinyar da ta riƙe masa kwando shekara ashirin ba ta sakin tsuntsu ƙarfe huɗu cikin hazo, sai in wani abu take gudu. Abin da ya rage masa bai gane ba shi ne ina gwangwaninsa ya shiga.

Na miƙa masa wayar. Ya nisanta ta da idonsa, ya karanta a hankali yana motsa leɓe, ya sake karantawa.

“Da mota ya tafi?”

“Da mota.”

“Neman tattabara.”

“E, Pépé.”

Sai ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, na tashi ina bubbuga masa baya, Mama ta leƙo ta taga a tsorace. Da ya samu numfashi ya share ido da hula ya ce shekara sittin yana wannan harka, ya ga masu addu'a, ya ga masu zagin iska, ya ga wanda ya kwana a kan rufi, amma bai taɓa ganin wanda ya bi tsuntsu da mota ba. Ya ce kilomita ɗari da wani abu, a kan tsuntsun da ko gaishe shi ba ya yi.

Sannan ya koma kallon sama. Ni ma na zauna a ƙasa na jingina da ƙafar kujerarsa, kamar da. Aikin kankara ban ko fara ba.

Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, tseren mako mai zuwa shi ne na ƙarshe. Tun hunturu ya yanke, ya riga ya yi magana da abokansa na ƙungiyar masu tattabaru, kowa zai ɗauki nasa. Zai bar biyar ko shida da matansu don ya samu abin kallo. Na ce ko shida ne ai sai an kankare musu ɗaki.

Ya ce, “Uwarki ta iya kankare ɗaki tun kafin a yi mafarkin haihuwarki. Ita ta riƙe mini kwando kafin ke. Atishawar nan ranar da kika fara kawo Malam gidan nan ta same ta.”

Na waiga. Tagar kicin a buɗe take, labule yana motsi.

Ya ce kada in ga laifinta. Sau ɗaya ta raka mutum tasha zuwa kudu, bai dawo ba, tun daga nan take ganin duk wanda ya bi hanyar nan ya tafi ke nan. “Amma ke a nan kika fara tashi. Ko ina aka kai ki kin san hanya. Ni ban taɓa ɗaure tsuntsu don ya zauna ba, ba kuma a kanki zan fara ba.”

Tara ta ɗan gota ya kama kafaɗata ya matse. A kan rufin maƙwabta wani abu ya sauka. Gashin wutsiya biyu babu, ƙafafu duk laka, wuya a fige, amma ƙirjin nan a ture yake, yana taku ɗaya-ɗaya a kan bulo kamar ya zo buɗe sabuwar gada. Pépé ya laluba gwangwani, babu. Ya tattara leɓe zai yi fito, iska ta ƙi fitowa. Ya sake gwadawa, sai huci. Sai na yi masa, irin fiton da ya koya mini ina 'yar shekara bakwai, gajere biyu dogo ɗaya. Minista ya karkata kai ya dube mu kamar mun dame shi, sannan ya sauko ya shige wurin matarsa.

Pépé ya sake dafa kafaɗata. Ni kuma ban ɗaga kai ba don kada in ga fuskarsa.

Na ɗauki waya zan kira Gaspard, Pépé ya ce in bar shi ya ƙara nema kaɗan, motsa jiki ne. Da na harare shi ya ce to, in rubuta masa ya dawo, ana bin sa kofi ɗaya na jiya, amma kada in faɗa masa komai.

Sha biyu saura Gaspard ya iso. Jama'a, da kun gan shi. Farar rigar jiya ce a jikinsa, sai dai yanzu ba mai kiranta fara. Laka har gwiwa, takalmi ɗaya ya buɗe baki, kwando a hannu babu komai, gwangwani a hammata. Ashe tun asuba yake bin bakin ruwa yana kaɗa masara, har matan nan masu yankar ganye suka kira shi suka ce ya fito ruwa na dawowa, suka ba shi burodi. Ya tsaya gaban Pépé ya ce bai same shi ba, kuma ya san babu abin da zai biya da shi.

Pépé ya karɓi gwangwaninsa ya girgiza, ya ce an cinye masa rabin masara. Sannan ya nuna ɗaki da haɓa. Gaspard ya leƙa ta ragar taga. Na ga bayansa ya saki, ya dafa katako, ya daɗe a haka.

Kafin ya juyo Pépé ya tashi da ƙyar, ya ja takunkumina ya rufe hanci, ya shiga ɗaya ɓangaren. Ya fito da kwalin takalmi mai huji a murfi, ya ɗora wa Gaspard a hannu biyu. 'Yan shila ne guda biyu a ciki, jikokin Minista, ko gashin tsakonsu rawaya bai gama zubewa ba, munana da su, suna ta tsuwa.

Ya ce, “Waɗannan ba su taɓa leƙa waje ba. Rufin da suka fara gani, shi ne gidansu har su mutu. In suka kwana goma nan gaba a gidan nan, nawa ne, ko ka kai su ƙarshen duniya za su gudo. In kana so su zama na Sète, sai ka kai su da zarar an rufe makaranta.”

Gaspard ya ce shi bai san yadda ake kiwonsu ba.

Pépé ya ce, “Na sani. Kai ko masara ba ka sani ba. Sai ka nemi wanda ya iya ya raka ka.” Ya ja ƙafa ya shige kicin, ya bar mu tsaye a tsakar gida.

Gaspard ya dube ni. Ya ce ya yi alkawarin ba zai tambaya ba, kuma yana nan a kan bakansa. Hannuwansa biyu suna riƙe da kwali, yana tsoron ko motsi ya yi. Na matsa kusa, yana warin laka da gishiri, na zura hannu a aljihunsa na ciro ɗan akwatin da kaina.

Na ce, “Na janye maka alkawarin. Tambaye ni.”

“Hannuna a cike yake.”

“Da baki ake yi.”

Ya tambaya. 'Yan shila suna ta ƙara a tsakaninmu. Ni kuma na buɗe baki ke nan sai na ji ƙofar baya ta buɗe.

Mama ce. Ta cire rigar girkinta, ta sa tsohuwar rigar aikina ta ajiya wadda ta yi mata kaɗan a kafaɗa, ta ɗaure kanta da ɗankwalin kakata Léonie. Idanunta sun kumbura. Ba ta dube ni ba, ba ta dubi Gaspard ba. Ta sunkuya ta ɗauki ƙarfen kankarar da na yar tun safe, ta ratsa ta gefenmu, ta shiga ɗakin tattabaru ta ja ƙofa.

Muka tsaya muna saurare. Sai ga ƙarar ƙarfe a kan katako, a hankali da farko, sannan ta miƙe daidai, irin ta hannun da ya san aikin. Na jira in ji atishawa. Ban ji ba.

Na juyo na ce masa e.